Kajin Inna da kwamfutata: littafin aikin tace sinadaran itatuwa kan cutar Nukasil

Litinin, 4 ga Nuwamba

Malam ne ya sa ni buɗe wannan littafi. Ya ce aikin da ban rubuta shi ranar da na yi shi ba, a wurinsa ban yi shi ba. To bismillah.

Ga abin da na sa a gaba. Kowace shekara, hunturu na shigowa Damagaram annobar kaji na biye da shi, ta bi gida-gida tana shara. Bara cikin kaji 17 biyu ta bar wa Inna. Masu kiwo suna ce mata fakat, likitocin dabbobi suna ce mata cutar Nukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926, shekarar da ta ɓulla a tsibirin Jaba na Indonesiya. Riga-kafinta akwai, magani ne babu. Shi ya sa in ta faɗo unguwa kowa yake komawa ga abin da ya gada: ɓawon maɗaci a ruwan sha, ganyen bedi, barkono, bagaruwa, wasu har da toka. Ni so nake in duba ko cikin sinadaran waɗannan itatuwa akwai wanda ƙirarsa ta dace ya toshe ɗaya daga cikin makaman birus ɗin.

Birus ɗin ƙarami ne, gadonsa duka bai fi haruffa dubu 15 da ƴan kai ba, kuma manyan furotin shida yake ƙerawa: NP, P, M, F, HN da L. Biyu ne a bayan rigarsa. F shi ne mai ɓalle ƙofar sel ya shiga. HN kuwa hannu ne kuma almakashi: da shi birus ke cafke wani sukari mai suna siyalik asid a jikin sel ɗin kaza, da shi kuma sababbin ƴaƴansa ke yanke sukarin su saki jiki su tafi neman wani sel. HN na zaɓa, don yana da rami bayyananne inda sukarin ke zama. In aka cusa wani abu ya zauna daram a ramin, hannu ya mutu.

Ba ni da ɗakin gwaji, kwamfuta ce kawai, ita ma ta hannu na saya. Hanyar da zan bi masana suna ce mata dokin, kuma ba shi da dangantaka da dawakin fada. Manhaja ce ke ɗaukar sinadari ta juya shi ta kowace fuska cikin ramin furotin, kamar mai gwada tarin mabuɗai a kwado ɗaya, sannan ta ba shi maki. Ni gwajin zama zan riƙa ce masa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na sa forfe na intanet na jaka 2 na kwana ina sauke kaya, don rezo ya fi tafiya bayan sha biyun dare. AutoDock Vina na gwajin zama, PyRx da ke sauƙaƙa sarrafa shi, Open Babel na juya fayil, PyMOL na kallo. Taswirar HN na ɗauko ta daga PDB, rumbun taswirorin furotin na intanet, lamba 1E8V, wadda aka fitar a 2000. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne an ɗauki hotonta da wani sinadari mai suna DANA zaune cikin ramin. DANA ɗan'uwan siyalik asid ne, an san yana hana almakashin aiki.

Na daɗe ina juya ta a allo. Kan furotin ɗin kamar farfela mai fiffike shida, ramin yana tsakiya. A gindinsa arjinin uku sun kewaye (arjinin ɗaya ne daga tubalan da ake gina furotin da su), na 174 da 416 da 498, su ne ke riƙe kan asid na sukarin. Ƙanena ya leƙo ya ce taliya ce aka zuba wa kala.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na bi Inna kasuwar Dole, muka tsaya wurin masu sayar da sauyoyi da ɓawo. Ban ce musu bincike nake ba, cewa na yi kaji nake jin tsoro wa, me ake ba su? Tsohon farko ya miƙo maɗaci bai ko ɗaga kai ba. Na biyu ya ce maɗaci shi kaɗai ba ya yi sai an haɗa da barkono. Wata tsohuwa ta ce sabara, ta kuma ce duk wanda ya gaya mini akwai maganin fakat bayan ta shiga gida kuɗina yake so. Ita na fi yarda da ita, amma duka na rubuta.

Itatuwa tara na tsayar: maɗaci, bedi, bagaruwa, sabara, marke, zogale, aduwa, barkono, tafarnuwa. Na kashe dala 120 kan samfur, ba don kwamfuta tana bukata ba, don dai in san abin da nake magana a kai da ido da hanci.

15 zuwa 17 ga Nuwamba

Tattara sunayen sinadarai daga takardun bincike da rumbun ANPDB na sinadaran tsirran Afirka, sannan sauke siffar kowane daga PubChem. Aiki ne na gajiya, ba abin labari. Na samu 186. Bedi ya fi kowa yawa don an fi bincikensa, aduwa ce ta ƙarshe.

Talata, 19 ga Nuwamba

Jiya da la'asar na jera duka 186 na tayar da gwaji. Batirin kwamfutar minti 40 yake riƙewa in an yi sa'a. Wajen ƙarfe tara na dare kuran ya ɗauke, ina tsakar gida ina taya Inna tankaɗe, kafin in ankara allo ya yi baƙi. Da wuta ta dawo na duba, an gama 61, amma teburin maki bai ajiye ba, don sai an gama duka yake fitowa a yadda na tsara shi. Awa biyar ta tafi a banza.

Laifina ne. Yau na bar PyRx na rubuta ɗan umarni na layi goma wanda ke kiran Vina kan sinadari ɗaya bayan ɗaya, yana ajiye makin kowane a fayil ɗinsa, in aka sake tayarwa kuma ya tsallake waɗanda aka gama. Wani abokin karatu ɗan sashen lissafi ya gyara mini inda na yi kure. Yanzu ko sau goma wuta ta ɗauke, daga inda aka tsaya za a ci gaba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An gama! A ma'aunin Vina, lamba tana fitowa da alamar ragi, iya nisanta ƙasa da sifili iya ƙarfin riƙon da ake hasashe. Na sama duka daga bagaruwa da marke suka fito, wani babban tanin, sinadarin da ke sa bauri, har ya haura -10. Rutin na zogale yana biye. Na kasa zama. Na gaya wa Inna cewa kwamfuta ta ce bagaruwa, ta ce, “Ai da kin tambaye ni da ba ki ƙona kuran ba.” Na tura wa Malam teburin da dare.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Yau gwiwata ta yi sanyi.

Na shiga ofis da teburina a buge a takarda, na ja layi ja ƙarƙashin goma na sama. Malam ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya ajiye, ya ce, “Madalla. Kin mayar da DANA gurbinta?” Na ce ban gane ba, Malam. Ya ce sinadarin da aka ɗauki hoton furotin ɗin da shi, mun san ainihin inda yake zaune da yadda yake kwance, don an gani, ba hasashe ba ne. Ki cire shi, ki ba manhajar, ki ce ta nemo masa wuri. In ta mayar da shi inda yake, sai mu saurari abin da take cewa kan sauran. In ta kasa gane ɗan gida, yaya za ta gane baƙo?

A gabansa na gwada. Minti uku. DANA ta je ta maƙale a wani lungu tsakanin kawunan furotin biyu, nesa da ramin gaba ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka bi sawu ɗaya bayan ɗaya, kurakurai uku muka tono. Na farko, akwatin bincike. Na zana shi ya rufe furotin ɗin duka, wai don kada in rasa komai, alhali Vina da kanta tana gargaɗi in akwati ya wuce angistiram 30 a kowane gefe (angistiram ma'aunin tsawo ne na girman atam). Na ga gargaɗin yana wucewa a allo, na ɗauka gaisuwa ce. Na biyu, fayil ɗin yana da kai biyu na furotin, ban cire ɗaya ba, sai manyan sinadarai suka riƙa faɗawa kwarin da ke tsakaninsu suna kwasar maki. Ashe -10 ɗin da na yi ta murna a kai ba a ramin yake ba ma. Na uku ya fi ba ni kunya: sinadarai kusan 30 da siffar shafi na sauke su, a baje kamar zane a takarda, ban ba su jiki ba.

Malam bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai in sake daga farko, kuma in rubuta wannan rana a littafi ba tare da na rage komai ba. Ga shi na rubuta.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Kai ɗaya na bari, na kwashe ruwa, na bar kalsiyam ɗin da ke riƙe ginin furotin. Akwati angistiram 22, tsakiyarsa daidai kan DANA. Zurfin bincike na ɗaga shi daga 8 da manhajar ke zuwa da shi zuwa 32. DANA ta koma gida, kan asid ɗinta tsakanin arjinin uku, bambancinta da hoton asali angistiram 1.1. Abin da ake nema ƙasa da 2 ne. Alhamdu lillahi.

Amma makinta -6.9 ne kawai. Wannan lamba ita ce ma'aunina daga yau.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Kwamfuta tana mutuwa da kanta, gindinta kamar kaskon tuya. Ƙurar hunturu ta toshe fanka. Mai gyara ya buɗe ya hure, ya fitar da wani dunƙule kamar audugar katifa, ya shafa sabon man sanyaya. Jaka 3. Ya ba ni shawarar ƙarin ƙwaƙwalwa ta giga 4, jaka 9, na ce sai wata ya ƙare. Yanzu kan murafun kwalba huɗu take zaune don iska ta bi ta ƙasa.

Lahadi, 1 ga Disamba

Zagaye na biyu ya kammala, dare uku. Babu mai -10 yanzu. Na sama suna tsakanin -8 da -9, kuma har yanzu dangin tanin ne da manyan filabonoyid: EGCG na bagaruwa, rutin, elajik asid na marke, sai kersetin. Sinadaran maɗaci da na bedi da na sa rai da su suna tsakiya. Azadiraktin, mai nauyi 720, bai ma shiga ramin ba, a baki ya tsaya. Kafsaisin na barkono da alisin na tafarnuwa suna can ƙasa.

Sinadarai 71 sun fi DANA maki. Wannan bai kwanta mini ba. Ba zai yiwu a ce itatuwa tara na bayan gari suna ɗauke da abubuwa 71 da suka fi wanda aka tabbatar a ɗakin gwaji ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Inna ta aike ni da tuwo gidan Kawu, na tarar ba ya nan, yana majema. Na bi shi can. Kawu tun yana yaro yake jima, hannuwansa har gwiwar hannu sun rine sun zama kalar goro, ko sallah ba sa komawa. Na same shi tsugune bakin kwatarniya yana juya fatun awaki cikin ruwan bagaruwa, ruwan ya yi baƙi-baƙi, warin wurin kuwa sai wanda ya saba.

Ya tambaye ni karatu. Na ce Kawu, bagaruwarka ce ke ba ni ciwon kai, na ba shi labari iya yadda zan iya: cutar tana da wani hannu na nama, ina neman abin da zai kama hannun, kuma kullum bagaruwa ce ke zuwa ta ɗaya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Ke ɗiyata, bagaruwa akwai abin da ba ta kamawa? Kawo fatar akuya ta kama, kawo ta tunkiya ta kama, ta sa, ta kada, ta guza, duk ɗaya ne a wurinta. Ga hannuna ma ba ta bari ba.” Ya ɓare kwaso ɗaya ya miƙo mini ya ce in tauna. Na tauna, nan take bakina ya ɗaure, harshe ya yi kamar an goge shi da tsumma. Ya ce, “To kin gani, har yawunki ta jeme.”

A kan kabu-kabu ina dawowa abin yake ta juyawa a kaina. Jima ai ba komai ba ne illa tanin ya manne wa furotin ɗin fata ya ɗaure shi. Baurin da na ji a baki, tanin ne ya kama furotin ɗin yawu. Abin da ke kama kowane furotin, in ya kama HN ba abin mamaki ba ne, kuma ba abin murna ba ne. A cikin kaza, kafin ya ga birus zai gamu da furotin ɗin tsaba a maƙoƙo, da majinar hanji, da abubuwan narkar da abinci, duk ya manne musu. An ma san tanin in ya yi yawa a abincin kaji yana rage musu girma, shi ya sa masu haɗa abinci ke kaffa-kaffa da jar dawa mai bauri.

Da dare na koma takardu. Masana suna da jerin irin waɗannan sinadarai masu amsa kowace sallama, suna kiransu PAINS, tun 2010 aka fitar da matatar gano su. Na taɓa karanta wannan a aji na ci jarrabawa a kai, amma sai yau a bakin kwatarniya ya shiga.

Lahadi, 8 ga Disamba

Gwajin Kawu, haka na sa masa suna a fayil. Na ɗauko furotin da babu ruwansa da cutar, lisozim na farin ƙwan kaza, lamba 1AKI, na gwada 25 na sama a kansa. Ramuka biyu daban ba a kwatanta makinsu kai tsaye, na sani, amma jerin ya nuna abin da nake zargi: waɗanda suka yi na ɗaya a HN su ne suka sake yin na ɗaya a nan.

Dalili biyu na gano daga yadda Vina ke lissafi. Tana tara maki ne daga yawan taɓawa, don haka babban sinadari yana da riba tun kafin a fara. Rutin atam manya 43 gare shi, EGCG 33, DANA 20 kacal. Sannan ba ta lissafa cajin lantarki, alhali ƙarfin DANA duka yana wurin cajin ragi na kan asid ɗinta da ke manne da cajin ƙari na arjinin uku. Wato manhajar tana rage wa ɗan gida, tana ƙara wa ƙato. Mutanen da suka ƙera ta ma sun faɗa a takardarsu ta 2010 cewa kuskurenta yana kai 2.85 a wannan ma'auni, ni kuwa ina ta jayayya da kaina kan bambancin 0.3.

Sai na canza matata. Na raba makin kowane da yawan atam ɗinsa. Na zuba su a SwissADME don ƙa'idar Lipinski, mai hasashen ko sinadari zai iya zama maganin sha: nauyi kada ya wuce 500, masu ba da haɗin haidirojin kada su wuce 5, masu karɓa kada su wuce 10. Rutin mai 610 ya faɗi, EGCG ma ya faɗi. Kersetin ya tsallake wannan amma matatar PAINS ta ɗaga masa tuta. Daga ƙarshe na buɗe kowane a PyMOL na duba da idona: ya taɓa arjinin ukun nan ko kuwa a baki yake rataye?

Daga 186 saura 7.

Laraba, 11 ga Disamba

Ta shigo unguwa. Jiya da safe Hajiya maƙwabciyarmu ta kira Inna ta katanga, kajinta uku sun kwana matattu. Na shiga na gani. Wata ja tana tsaye gindin rumbu, fikafikai a sake har ƙasa kamar ta yafa zane, ido a lumshe, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙara. Kashi kore a ko'ina. Wani ɗan zakara wuyansa ya murɗe, kansa yana kallon sama, yana zagaye wuri ɗaya. Ranar Alhamis Hajiya ta sayo kaji biyu a kasuwa ta sake su cikin nata.

Inna ta juyo ta ce, “To ke mai kwamfuta, wanne za a jiƙa?” Na ce ba ko ɗaya, allura za a yi. Ta ce bara mutanen da suka yi allura ai kajinsu sun mutu, wasu ma cewa suke allurar ce ta kashe. Na yi mata bayani cewa cutar takan kwana biyu zuwa sha biyar a jiki kafin ta nuna, kuma riga-kafi yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama, don haka wanda ya yi bayan ta shigo ya makara, ba allurar ce ta kashe ba. Ina faɗa ina jin nauyin bakina, don mu ma mun makara. Tun watan Oktoba ya kamata a yi. Wata guda da mako ɗaya ina zaune a ɗaki ina juya hoton birus ɗin nan a allo, na haddace lambobin arjinin ɗinsa, kaji 14 suna kiwo a ƙofar ɗakin ban kira mai allura ba.

Na kira shi da rana ya zo da kularsa ta ƙanƙara. Dala 10 kowace kaza, rabin mililita. Ya ce a kulle su, kada a shiga gidan Hajiya a dawo da takalmi ɗaya, a binne matattun da zurfi, kada a yanka mara lafiya a kai kasuwa. Ya kuma ce zai sanar da ofishin kiwo, don da ido ba a raba wannan da murar tsuntsaye, kuma yankinmu ne aka fara ganin H5N1 a Nijar, a Magarya, cikin Fabrairun 2006.

Inna duk da haka ta jiƙa maɗaci ta zuba musu. Ban hana ta ba. Bagaruwa ce kawai na roƙe ta ta bari.

Litinin, 16 ga Disamba

Namu huɗu sun tafi, har da mai kwanci. Goma suna ci suna sha. Na Hajiya saura ɗaya. Ban taɓa kwamfuta ba kwana huɗu.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, gari ya yi tsit, rezo yana gudu. Na yi abin da Malam ya daɗe yana tuna mini. Taswirar 1E8V daga wani nau'in birus na Kansas ta Amurka aka ɗauke ta, alhali waɗanda ke yawo a Afirka ta Yamma, har da Nijar da Najeriya, yawanci rukuni na XIV da XVII da XVIII ne. Na sauke jerin HN na yankinmu daga GenBank na jera su da na Kansas. Akwai bambance-bambance a bayan furotin, amma arjinin uku da tirozin na 526 da gulutamik asid na 401 suna nan ba su motsa ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, ramin da nake aiki a kai shi ne dai na birus ɗin da ya kashe mai kwanci.

Cikin bakwai ɗin, wanda na fi zuba wa ido daga sabara ya fito: kwinik asid mai ɗauke da galoyil guda ɗaya. Ƙarami ne, yana da zobe da kan asid kamar DANA, kuma a hoton da manhajar ta ba ni kan asid ɗin ya zauna tsakanin arjinin ukun. Na tuna cewa Tamiflu, maganin mura, ma daga dangin nan aka fara haɗa shi, shikimik asid da kwinik asid. Na rubuta wa Malam haka da zumuɗi, ya amsa da layi ɗaya: Tamiflu an yi shi ne don almakashin murar mutane, ba na wannan dangin birus ba, kuma galoyil ɗin da ke jikin nawa ɗiyar tanin ce, in tuna da Kawuna.

23 zuwa 30 ga Disamba

Gwajin motsi. Vina tana ɗaukar furotin kamar dutse, alhali a jiki yana rawa cikin ruwa. GROMACS ke kwaikwayon wannan, amma kwamfutata ba za ta iya ba, sai na koma Google Colab na kyauta, inda ake aron kwamfuta ta intanet. Na yi niyyar nanosakan 100 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan) ga kowane, na dawo 20, kuma ga uku kawai: DANA, na sabara, da elajik asid. Rezo na yankewa, ko lokacin da aka ba ni ya ƙare, sai a kore ni. Darasin watan jiya ya yi amfani, ina ajiye wurin tsayawa kowane rabin awa. Forfe jaka 5 ya tafi a mako ɗaya.

DANA ta zauna ba ta gusa ba. Elajik asid ya zame ya fita bakin rami kafin nanosakan 8. Na sabara kan asid ɗinsa ya riƙe arjinin biyu har ƙarshe, jelar galoyil tana ta lilo. Gudu ɗaya ne, gajere kuma, ba zan gina gida a kansa ba. A rahoto zan rubuta cewa bai fita ba, ba zan rubuta cewa ya zauna ba.

Alhamis, 2 ga Janairu

Lissafin kuɗi zuwa yau: forfe jaka 13, gyaran kwamfuta jaka 3, buga takardu jaka 1 da rabi, kabu-kabu wajen jaka 4, samfur dala 120, allurar kaji dala 140. Ƙwaƙwalwar nan ta jaka 9 har yanzu ban saya ba. Kaji goma suna nan, biyu sun fara ƙwai.

Alhamis, 9 ga Janairu

Zama da Malam kan mataki na gaba, awa ɗaya da rabi. Kwamfuta ta gama nata, ta rage 186 zuwa 7, saura a taɓa da hannu.

Gwajin farko mai araha ne. Birus ɗin yana dunƙule jajayen sel na jinin kaza, da HN ɗin nan yake yi. Ana zuba jinin da aka wanke, kashi 1 cikin 100, a faranti mai ramuka 96. In babu birus, jinin ya taru a gindi kamar maɓalli. In akwai, ya baje kamar tabarma. In sinadari ya toshe hannun, maɓallin ya dawo. Ba za mu taɓa birus na daji ba, nau'in LaSota na riga-kafi za mu yi amfani da shi, mara kisa. Na ce wa Malam dole a ware layi guda na jini da sinadari kawai babu birus, don tanin da kansa yana dunƙule jini. Ya ce in rubuta shi a tsarin da sunana. In wani sinadari ya tsallake wannan gwaji, sai a je ga ƙwai mai ɗan tayi na kwana 9 zuwa 11.

Matsalar ita ce samun sinadarin tsantsa. Odarsa daga waje ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka da ganyen sabara za mu fara, a jiƙa a barasar gwaji, a rarraba kashi-kashi, a gwada kowane da tanin a ciki da kuma bayan an cire shi. Malam zai rubuta wa wani ɗakin gwaji a Yamai ya tambayi ko za su karɓe ni mako uku. Ni kuma kafin Litinin in kawo jerin kayan da ake bukata da farashinsu, in sake gudun sabara sau biyu da wata lambar farawa daban.

Asabar zan bi ƙanena hanyar Mirriya mu yanko sabara, a shanya a inuwa. Na rubuta 11 ga Afrilu da alli a ƙofar akurki, ranar da mai allura zai dawo.